Matuƙan jiragen yaƙi: jirgi suke gani ko mutum?

Dan_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, na ga ya kamata in kawo ta nan ko masana za su warware mini ita. Na lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da suka tsira daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, idan aka tambaye su bayan furfura ta rufe su yadda suka ji sa'ad da suka harbo abokin gaba, da yawansu amsa ɗaya suke bayarwa, cewa su jirgi suka saita, ba mutum ba. Ga kuma labarai irin na Ernst Udet, Bajamushe, wanda ya ce a shekarar 1917 ya yi arangama da gwarzon Faransa Georges Guynemer, bindigoginsa suka cije ana tsakiyar fafatawa, shi kuwa Guynemer da ya hango shi yana dukan bindiga da hannu sai ya ɗaga masa hannu ya juya ya tafi abinsa. Irin waɗannan labarai sun sa na fara ganin kamar yaƙin sama ya fi na ƙasa tsabta da mutunci, tunda mutum biyu ne kowa da jirginsa, babu tsoho babu yaro a tsakaninsu. Shin haka abin yake, ko kuwa abin da tsofaffin suka zaɓi su riƙa tunawa ke nan?

MalamTarihi_Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tambayarka ta yi ma'ana, amma hoton da ke cikinta na mutum biyu suna gwada ƙwanji gaba da gaba ba shi ne yadda aka fi mutuwa a sama ba. Oswald Boelcke, Bajamushen da ya koya wa Manfred von Richthofen, babban gwarzon matuƙan Jamus a yaƙi na farko, sana'ar, ya rubuta wa yaransa ƙa'idojin faɗa tun 1916, kuma jigon ƙa'idojin nan kwanton ɓauna ne: ka fi abokin gaba bisa, ka sa rana a bayanka don ta kashe masa ido, ka zo masa ta baya, kada ka buɗe wuta sai ka matso kusa. Erich Hartmann, Bajamushe, wanda aka lissafa masa jirage 352 a yaƙi na biyu, ya faɗa da bakinsa cewa mafi yawan waɗanda ya harbo, kimanin takwas cikin goma, ba su san yana wurin ba har harsashi ya same su, kuma shi yana guje wa kokawar juye-juye a sama iyakar iyawarsa. To wanda aka harba ta baya bai ga komai ba balle ya ɗaga hannu. Labarin Udet kuwa daga bakin Udet kaɗai aka ji shi, domin Guynemer ya ɓace a watan Satumba na wannan shekarar bai bar tasa riwayar ba.

Dan_Maharbi:
Abin da Malam ya faɗa ya yi daidai da abin da na tashi na gani. Mahaifina maharbi ne, kuma bai taɓa tunkarar dabba ta inda iska za ta kai mata ƙanshinsa ba, sai ya zagaya, ya laɓaɓa, ya jira. Richthofen ma tun yana yaro mafarauci ne, kuma da idon mafarauci ya kalli aikin. Duk jirgin da ya harbo sai ya aika wa wani maƙerin azurfa a Balin ya ƙera masa ɗan ƙaramin kofi da kwanan wata a jiki, har kofuna suka kai 60 azurfa ta yi ƙaranci a Jamus aka daina. Yana kuma yanko lambar jirgin ya rataye a ɗakinsa kamar yadda maharbi ke rataye ƙaho. Ni dai a ganina mutumin da ke tara kofi a kan kowace gawa ya san sarai akwai mutum a ciki, sai dai ya koya wa zuciyarsa ta daina tsayawa a wurin.

Bakatsine_77:
Amma ai shi Richthofen ɗin da aka kashe shi a watan Afrilu 1918, abokan gabansa ne, sojojin Ostareliya, suka binne shi da cikakkiyar girmamawar soja, har da furanni. Wannan ba mutunci ba ne? A ramukan sojan ƙasa wa ya sami irin wannan?

Yar_Sakkwato:
Ina neman afuwa in shigo ta wani ɓangaren, domin na ga ana ta magana a kan wanda ya harba, an manta da wanda aka harba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin masu ƙuna, kuma duk wanda ya taɓa sauya wa mai ƙunar fuska bandeji, ya ga yadda fata ke biyo audugar, ya ji irin ƙarar da babban mutum ke yi yana cije leɓe don kada 'ya'yansa su ji daga waje, ba zai taɓa kiran mutuwar cikin jirgi mai tsabta ba. Abin da matuƙan nan suka fi tsoro wuta ce, fiye da harsashi. A yaƙi na farko jiragen katako ne da ƙyalle da aka shafa wa wani fenti mai saurin kamawa, kuma Ingila ba ta ba matuƙanta laimar dira ba har aka gama yaƙin. Mick Mannock, ɗaya daga cikin manyan gwarazansu, yana tashi da ƙaramar bindiga a gefensa, ya kuma gaya wa abokansa cewa ta kansa ce idan wuta ta kama. A watan Yuli 1918 harbi daga ƙasa ya sami jirginsa, ya faɗi yana ci da wuta.

A yaƙi na biyu an sami laima, amma wutar ba ta tafi ba. Wani likita ɗan Niyuzilan mai suna Archibald McIndoe ne ya riƙa gyara fuskoki da hannayen waɗanda suka ƙone a asibitin East Grinstead da ke Ingila, har ya lura cewa waɗanda suka faɗa teku sun fi saurin warkewa, ya koma yi wa majinyata wanka da ruwan gishiri. Ɗaya daga cikinsu, Geoffrey Page, an yi masa aiki sau 15, ya rantse sai ya harbo jirgi ɗaya a madadin kowane aiki, kuma ya koma fagen fama da wannan niyya. Ku gaya mini, shin mutumin da ya koma da irin wannan ƙuduri ƙarfe yake nema ko mutum?

Injiniya_Kaduna:
'Yar'uwa ta taɓo inda ya kamata, bari in ƙara bayanin dalili. A jirgin Hurricane na Ingila akwai tankin mai a gaban matuƙi, tsakaninsa da inji, kuma a farkon yaƙin ba a lulluɓe wannan tankin da robar da ke toshe huda da kanta ba. Spitfire ma tankunansa a gaban matuƙi suke. Idan harsashi ya huda, kuma matuƙi ya ja murfin gilashi baya don ya fita, iska sai ta zuƙo wutar ciki kamar zugazugin maƙeri, shi ya sa ƙunar kusan kullum a fuska da hannu take.

Game da tambayar Dan_Gwammaja kuwa, ni ina ganin akwai gaskiya zalla a cikin maganar tsofaffin, ba ta kare kai kawai ba ce. Bindigogi takwas ne a fukafukan jiragen nan, kowace da harsashi kimanin 300, wato idan ka danna kunama ba ka saki ba, cikin daƙiƙa 15 komai ya ƙare. An fara saita su su haɗu a nisan yadi 400, daga baya matuƙa suka gane nisan ya yi yawa suka rage zuwa 250. A wannan nisan, jirgi biyu kowane yana gudun fiye da kilomita 450 a awa, jikinka ya yi nauyi sau huɗu ko biyar saboda juyi har ganinka yana dusashewa, kana kuma waiwaye don kada wani ya zo maka ta baya, me za ka gani in ba fiffike da alamar da aka zana a jikinsa ba? Da yawansu sun ba da labarin abu ɗaya: sama ta cika da jirage kamar an watsa tsaba, bayan minti ɗaya ko biyu ka duba ka tarar kai kaɗai ne, ba ka san inda kowa ya shiga ba.

Bakatsine_77:
Har yanzu ba a amsa mini ba. Bari in kawo wanda ba za a ce daga baki ɗaya aka ji shi ba. Ranar 20 ga Disamba 1943 wani matuƙin Jamus, Franz Stigler, ya tarar da wani jirgin jefa bama-bamai na Amurka, B-17, yana jan jiki bayan harin Bremen, an yi masa kaca-kaca, mai bindigar wutsiya ya mutu. Ta ramukan da ke jikin jirgin ya ga mutane suna ɗaure wa juna raunuka. Bai harba ba, ya raka shi har bakin teku, ya sara wa matuƙin, Charlie Brown, ɗan shekara 21, ya koma. Su biyun sun gano juna a 1990, suka zama kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, suka rasu a shekara guda, 2008, watanni kaɗan tsakani.

MalamTarihi_Zariya:
Bakatsine, labarin nan gaskiya ne, ba na musu. Amma ka duba abin da ya biyo baya. Stigler ya yi gum da bakinsa domin da shugabanninsa sun ji da kotun soja ce za ta karɓe shi, Brown kuma da ya sauka ya ba da rahoto sai aka umarce shi kada ya yaɗa, don kada sauran su fara zaton alheri daga jirgin Jamus. Abin da rundunoni biyu suka haɗu a kan ɓoye shi ai ba shi ne al'adar wurin ba. Ka kuma lura da dalilin da ya hana shi harbi: ya matso kusa har ya ga mutane. Wannan ya ƙarfafa maganar Injiniya ne, cewa muddin jirgi kawai ake gani hannu ba ya rawa, ranar da aka ga fuska kuwa lissafi ya sauya.

Akwai kuma batun harbin wanda ya diro da laima, wanda kowane ɓangare ya zargi ɗayan da shi. Hugh Dowding, shugaban rundunar jiragen kare Ingila a 1940, ya rubuta ra'ayinsa ƙarara: Bajamushen da ke dira a kan Ingila fursuna ne tun yana sama, bai kamata a taɓa shi ba, amma Baturen Ingila da ke dira a ƙasarsu gobe zai hau wani jirgin, don haka a ƙa'idar yaƙi har yanzu mayaƙi ne. Kwamandan da kansa ke nan yake faɗin haka a kan yaransa. Sai a 1977 aka rubuta haramcin wannan harbi a fili cikin ƙarin da aka yi wa yarjejeniyar Janiba.

Jikan_Lebura:
Ni ba masani ba ne, amma ina da abin da na ji daga kakana, Allah ya jiƙansa. Ya yi aikin lebura a filin jirgin Kano lokacin yaƙin Hitila, aikinsa mirgina gangunan mai zuwa inda jirage ke tsayawa, a tace man ta cikin fata kafin a ɗura. Yana cewa ƙananan jirage masu farfela ɗaya sukan zo a jere suna bin wani babba mai inji biyu kamar 'yan tsaki da uwarsu, su kwana, da asuba su yi gabas. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ƙuruciyar wasu daga cikin matuƙan. Ya ce wani zai cire hular fata da tabarau, zufa ta jiƙa shi sharkaf, ka ga ko gemu bai gama fitowa ba, ya zauna a inuwar fiffike ya daɗe bai ce wa kowa uffan ba.

Zangon_Takoradi:
Jikan_Lebura, daga garinmu jiragen nan suke tasowa. A cikin akwatuna ake kawo su ta ruwa, a harhaɗa su a nan Takoradi da ke Gana ta yau, sannan su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, Al-Janaina, Al-Fashir, Khartum, har Alƙahira, tafiyar kusan mako guda. An fara a watan Satumba 1940, bayan Gwamna Félix Éboué na Chadi ya bi ɓangaren Janar de Gaulle hanya ta buɗe, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Babban da kakanka ya gani a gaba yawanci Blenheim ne, shi ke ɗauke da mai duba taswira. Haka nan a rundunar sojan saman Ingila akwai tawaga ta 91 da aka raɗa wa sunan Najeriya saboda kuɗin da aka tara a ƙasar don sayen jirage, Spitfire take tuƙawa. Don haka guminmu da kuɗinmu sun shiga wannan yaƙi na sama, ko da ba a faye ambatonsa ba.

Dan_Gwammaja:
Na gode ƙwarai, ban san da wannan hanya ba. Amma ina son mu dawo kan zuciyar matuƙin. Malam ya ambaci 352 na Hartmann, alhali na ga babban gwarzon Amurka, Richard Bong, 40 kawai aka lissafa masa. Shin Jamusawa sun fi ƙwarewa ne haka, ko sun fi bushewar zuciya, ko kuwa akwai ƙari a lissafin?

Injiniya_Kaduna:
Babban dalili tsari ne. Amurka takan janye matuƙinta bayan ya cika wa'adi ta mayar da shi gida ya koyar da sababbi, Jamus kuwa matuƙi yana tashi har ya mutu ko ya nakasa ko yaƙi ya ƙare. Hartmann ya fita fiye da sau 1,400, kuma a fagen gabas inda jiragen Tarayyar Sobiyet suke da yawa, filinsa kuma kusa da bakin daga, yana iya tashi sau uku ko huɗu a yini. Ƙari kuwa kowa ya yi shi, galibi ba da niyyar ƙarya ba. Ranar 15 ga Satumba 1940 Ingila ta sanar da harbo jirage 185, bayan yaƙi da aka buɗe takardun Jamus aka tarar kimanin 60 ne. Mutum uku su harbi jirgi ɗaya kowa ya ga hayaƙi ya ɗauka nasa ne, wani jirgin kuma ya suƙuƙuce ƙasa yana hayaƙi a ɗauka ya faɗi, alhali ya miƙe ya koma gida. Abin da na fi riƙewa game da Hartmann shi ne, da aka tambaye shi abin da yake alfahari da shi, ya fi ambaton cewa babu mai tsaron bayansa ko ɗaya da ya rasa ransa suna tare. Ya yi shekara goma a tsare a hannun Sobiyet, sai 1955 ya koma gida.

Tsohon_Saje:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni sojan ƙasa ne, na yi aikin ECOMOG a Laberiya, kuma na san daɗin da ake ji idan kana kwance a rami an tsare ka da wuta sai ka ji ƙarar Alpha Jet ta taso daga bayanka. Na kuma shiga wurare bayan jirgi ya wuce, na ga abin da matuƙi ba ya gani. Don haka maganar Dan_Gwammaja ta farko, cewa babu tsoho babu yaro a tsakani, ba ta zauna mini ba. Jirgin yaƙi ba a ƙera shi don ya yi wasa da ɗan'uwansa a sama ba. Ko dai yana raka masu jefa bam a kan gari, ko yana hana su, ko shi da kansa yana sharar hanya da bindiga.

Amma ba zan ce su sun huta ba. Mu idan namu ya faɗi muna ganinsa, mu ɗauke shi, mu yi masa sutura. Su kuwa sun karya kumallo tare da mutum, da rana kujerarsa ba kowa, babu gawa babu jana'iza, da yamma an tattara kayansa an ba wani gadon. Wannan wani irin ciwo ne da ba ya fita da kuka.

Umm_Khalil:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta tuna mini da Chuck Yeager, wanda duniya ta sani da cewa shi ya fara wuce saurin sauti a 1947. Kafin nan matuƙin Mustang ne, jirgin yaƙin Amurka, a Turai, kuma ya bayyana da kansa cewa a ƙarshen 1944 an ware musu wani yanki na Jamus aka umarce su su harbi duk abin da ya motsa, don a karya zuciyar jama'a. Ya ce a wurin karɓar umarnin ya raɗa wa abokinsa cewa idan irin wannan za su riƙa yi, to lallai su tabbata su ne suka ci yaƙin, kuma ya ce ba ya alfahari da wannan fita. Mu da muka san wasiyyar Sayyidina Abubakar ga runduna, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, mun san inda wannan umarni ya faɗa. Abin da na girmama a wurinsa shi ne bai ɓoye ba, alhali babu wanda zai tuhume shi da ya yi shiru.

Bakatsine_77:
Na karɓi gyaran Baba da na Hajiya a kan fararen hula. Sai dai har yanzu ina nan a kan cewa tsakanin matuƙi da matuƙi akwai ganin girma da ba a ƙirƙira ba. Werner Voss, Bajamushe ɗan shekara 20, shi kaɗai ya yi ta fafatawa da gungun ƙwararrun tawaga ta 56 ta Ingila ranar 23 ga Satumba 1917, ya huda kusan kowane jirginsu kafin ya faɗi, kuma Arthur Rhys Davids da ya harbo shi ya ce ina ma da rai ya sauko da shi. Shi ma bai wuce wata guda da 'yan kwanaki ba aka kashe shi.

MalamTarihi_Zariya:
Ganin girma akwai shi, amma ya danganta da wanda ka tambaya da abin da ya baro a gida. A gumurzun sararin Ingila na 1940, inda matuƙa da ma'aikatan jirgi kusan 3,000 suka shiga, 544 suka mutu, akwai 'yan Folan 145. Su sun ga jiragen Jamus suna harbin masu gudun hijira a kan hanyoyin ƙasarsu a 1939, iyalansu suna ƙarƙashin mamaya. Turawan Ingila da suka yi aiki da su sun sha faɗin cewa su suna harbin jirage ne, 'yan Folan kuwa mutanen da ke ciki suke nema, kuma suna matsawa kusa fiye da kowa kafin su buɗe wuta. Tawagarsu ta 303 sai ƙarshen Agusta ta shiga faɗan, duk da haka ta zama cikin waɗanda suka fi kowa harbo jirage. A fagen gabas ma, tsakanin Jamus da Sobiyet, da wuya ka ji labarin sara wa juna. To ka ga amsar nan ta jirgi na saita ta fi fitowa daga bakin wanda ba a ƙona garinsu a gabansa ba.

Yar_Sakkwato:
Akwai kuma wanda lokaci ya sauya shi. Saburo Sakai na Japan harsashi ya same shi a kai a kan tsibirin Guadalcanal a watan Agusta 1942, idonsa na dama ya mutu, rabin jikinsa ya saki, amma ya tuƙa jirginsa fiye da kilomita 1,000 cikin kusan awa biyar ya koma sansaninsu na Rabaul, kuma sai da ya ba kwamandansa rahoto kafin ya yarda a kai shi wurin likita. A matsayina na mai jinya, har yau ina mamakin yadda jini bai kayar da shi a hanya ba. Bayan yaƙi ya buɗe ɗan kamfanin ɗab'i, ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara kashe wani mai rai ba ko da sauro ne, ya kuma je Amurka ya gana da mai bindigar da ake ganin shi ya raunata shi. Ya rasu a shekarar 2000 bayan wata liyafar cin abinci da sojojin ruwan Amurka suka gayyace shi a sansaninsu na Atsugi. Ni abin da na fahimta daga majinyatana shi ne, abin da mutum ya ji a lokacin da abu ke faruwa daban, abin da yake ji bayan shekara talatin daban, kuma dukkansu gaskiya ne a wurinsa.

Dan_Maharbi:
To yanzu da makami mai linzami ke samun jirgi daga nisan da ido ba ya kaiwa, ke nan matuƙin zamani ba shi da wannan damuwa ko kaɗan?

Injiniya_Kaduna:
Ba lallai ba. A Biyetnam ranar 16 ga Afrilu 1972 Dan Cherry, Ba'amurke, a cikin jirgin F-4, ya harbo jirgin MiG-21 na Biyetnam ta Arewa da makamin da rada ke jagoranta, amma faɗan ya matso kusa har ya wuce ta gefen matuƙin yana lilo a laima. Wannan ganin bai bar shi ba, ya yi ta tunanin ko mutumin ya rayu, ko yana da iyali. Bayan shekara 36, a 2008, wani shirin talabijin a birnin Ho Chi Minh ya haɗa shi da matuƙin, Nguyen Hong My, wanda ya karye a hannu biyu wajen fita daga jirgin amma ya rayu, har ya kai Cherry gidansa ya ga jikansa. Akwai kuma Nguyen Van Bay, wanda aka lissafa wa jiragen Amurka 7 da tsohon MiG-17 mai bindiga kawai, da ya yi ritaya ya koma ƙauye a yankin Mekong yana noma da kiwon kifi, tsofaffin abokan gabansa suna kai masa ziyara har ya rasu a 2019.

Dan_Gwammaja:
Na janye kalmar tsabta, Baba Saje da Yar_Sakkwato sun raba ni da ita. Amma tsakanin Malam da Bakatsine har yanzu ban iya tsayawa wuri ɗaya ba, domin kowa ya kawo mutanen da suka yi abin da ya faɗa. Jikan_Lebura, ina da tambaya gare ka: shin kakanka ya taɓa ganin ɗaya daga cikin yaran nan ya sake dawowa Kano, ko duk wanda ya yi gabas shi ke nan?

Jikan_Lebura:
Ya ce wasu fuskokin ya gan su fiye da sau ɗaya, har akwai wani dogo mai tabo a kunci da ke ba su taba sigari, wanda Turancinsa ya bambanta da na sauran, leburori ba sa gane shi sai da nuni.

Zangon_Takoradi:
Hakan ya dace da yadda aikin yake. Yawancin waɗanda suka bi ta Kano masu kai jirage ne, idan sun miƙa su a Masar sai a dawo da su Takoradi a jirgin jigila su ɗauki wasu, su kuma matuƙan da za su yi faɗa da jiragen suna can hamada suna jira. A cikin masu kaiwar akwai 'yan Folan da dama, galibi waɗanda aka ga shekarunsu sun ɗan ja ga faɗan sama, don haka mai yiwuwa ne dogon nan da kakanka ya sani yana cikin mutanen da Malam ya ambata ɗazu, waɗanda suka baro iyalansu a ƙarƙashin mamaya. Hanyar ma ta ci mutane, domin hazo da hadari da lalacewar inji a kan dajin da ke tsakanin Fort Lamy da Al-Fashir sun kayar da jirage tun ba su ga abokin gaba ba.